Akwatin Mai Fatsa: Nawa Ne Naka a Cikin Abin da Ka Tara?

A ƙasashen Turawa, musamman Amurka, akwai mutanen da ɗaya daga cikin manyan damuwarsu ita ce inda za su ajiye kifayen ƙarya. Na san wani zai yi dariya da jin haka, ya ce wanda ya ƙoshi ne ke neman abin damuwa. Ba zan hana shi dariyarsa ba. Amma ina roƙon ya ɗan saurara, domin a cikin wannan ƴar damuwa tasu akwai tambayar da ta shafi kowa, mai kuɗi da talaka. Shin duk abin da mutum ya saya da kuɗinsa ya kai gida ya zama nasa ke nan? Ko kuwa akwai iyakar da in tarin kaya ya wuce ta, sunan mallaka kawai ya rage wa mai shi?

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Mai fatsa a wajenmu tana yake saƙala wa ƙugiya, ko ɗan ƙaramin kifi, ya jefa ya jira. Su kuwa can, da yawansu ba sa sa abinci ko kaɗan. Wani abu suke ɗaurawa a bakin zare wanda aka sassaƙa da itace, ko aka zuba da roba ko ƙarfe, aka yi masa fenti da idanu, ya fito kamar ɗan kifi, ko kwaɗo, ko tana. A ƙarƙashin cikinsa da wutsiyarsa an rataya ƙugiyoyi masu baki uku-uku. Sai a wurga shi nesa, a riƙa jawo shi a hankali yana rangaji cikin ruwa, har babban kifi ya ɗauka nama ne ya kai masa cafka. Kifaye masu farautar ƴan'uwansu ake kamawa da shi, irin su giwan ruwa da tsage a namu ruwayen. Wannan abin shi nake kira kifin ƙarya.

Waɗanda suka fara shahara da ƙera shi ba masu tara kaya ba ne. James Heddon mai kiwon zuma ne a garin Dowagiac na jihar Mishigan. A ƙarshen ƙarni na 19 ya fara sassaƙa nasa da itace, a 1902 kuma abin ya zama kamfani. Lauri Rapala talakan masunci ne a ƙasar Finlan, yana kamun kifi a tafkin Päijänne don ya ciyar da iyalinsa. Ya lura cewa in babban kifi ya afka wa garken ƙanana, wanda ke tangaɗi saboda rauni yake zaɓa. A 1936 sai ya ɗauki wuƙa ya fere ɓawon itace mara nauyi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Ya yi ta gyara har abin ya riƙa tangaɗi kamar kifi mai rauni. A 1949 kuma Nick Creme, a garin Akron na jihar Ohayo, ya fito da tanar roba mai laushi. Kowannensu buƙata ce ta tura shi, kuma kowannensu ya san abin da ya ƙera ciki da waje.

To yaya aka yi daga ɗaya aka kai dubu? Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Akwai wanda ke yawo a saman ruwa, akwai mai nutsewa mita ɗaya, akwai mai kaiwa mita biyar ko fiye, gwargwadon girman ɗan leɓen da aka sa masa a baki. Akwai launin da ya dace da ruwa mai haske, akwai na ruwa mai laka, akwai na rana tsaka, akwai na almuru. A ce samfuri ɗaya ya zo da girma iri biyar da launi iri ashirin, ka ga ɗari ke nan, ba a ma taɓa samfuri na biyu ba. Kowace shekara kuma kamfanoni na fitowa da sababbi. Masu fatsar Amurka da kansu suna da wata ba'a da suke yi wa juna, wai yawancin kifayen ƙaryar da ke kanti ba don kifi aka yi su ba, don mai fatsa aka yi su. Gaskiyar da ke cikin ba'ar ta fi dariyar yawa. Kifi bai taɓa shiga kanti ba. Wanda ƙyallin fenti ke fara ruɗa shi ne mai kuɗi a aljihu.

Da kaya suka yi yawa, sai ajiya ta zama fanni mai zaman kanta, domin kifin ƙarya yana da abokan gaba. Na farko tsatsa. In aka mayar da shi akwati da danshi aka rufe, ƙugiyarsa ta fara ci, kuma ruwan tsatsar yakan ɓata na kusa da shi. Wanda ya shiga ruwan teku kuwa, in ba a ɗauraye shi da ruwan daɗi ba, gishiri ya gama da shi. Na biyu sarƙewa. Zuba guda goma masu ƙugiya baki uku a gurbi ɗaya, ka ɗago ɗaya, sauran tara su biyo shi, kafin ka warware su kifin da ka hango ya yi gaba, wataƙila ma yatsanka ya sha suka. Na uku narkewa. Tanar roba tana ɗauke da wani sinadari mai sa ta laushi, kuma sinadarin nan yana cin wasu nau'o'in roba mai tauri da fenti. In aka haɗa su wuri ɗaya aka bari, sai a tarar sun manne sun zama dunƙule. Ko tsakanin masu laushin ma, ja yakan rina fari in sun kwana tare.

Kowanne an samar masa magani. A 1952 kamfanin Plano na jihar Ilinoi ya fara zuba akwatin kayan fatsa da roba maimakon ƙarfe mai tsatsa. Yau akwai faifayen roba masu murfi da ake gani ta cikinsu, masu gurabe da ake iya matsawa, ana jera su kamar littattafai a kanta. Ana sa ƴan ƙunshin sinadarin shan danshi a ciki, irin wanda muke tararwa a kwalin sabon takalmi. Ana rufe bakin ƙugiya da ƴar hular roba, ko a ɗaure su da robar ɗaure kuɗi. Ana barin masu laushi a ledar da suka zo da ita. Ana buɗe akwati ya sha iska duk ranar da aka dawo daga ruwa. Sai dai akwai abokin gaba na huɗu wanda kamfani bai iya sayar da maganinsa, wato mantuwa. Mutum ya sayi abu, ya jefa a lungu, bayan wata shida ya gan shi a kanti ya sake saye, don bai san yana da shi ba. Daga nan tambayarmu ta taso.

Ra'ayina shi ne mallaka iri biyu ce. Akwai mallakar haƙƙi: na biya, nawa ne, wanda ya ɗauka ɓarawo ne. Wannan alƙali ke kare ta, kuma ba ta da iyaka sai iyakar aljihu. Akwai kuma mallakar hannu: na san ina da shi, na san inda yake, na san halin da yake ciki, in buƙata ta taso zan miƙa hannu in ɗauko. Wannan tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce iyakar kulawar mutum. Lokacinsa ƙidayayye ne, tunaninsa ma haka. Duk abin da ya shigo gidanka yana zuwa da bashinsa: wurin zama, sharewa, dubawa, da ɗan gurbi a ƙwaƙwalwa. Kuɗin da ka ba mai kanti kafin alƙalami ne kawai. In ka tara fiye da abin da za ka iya biya wa wannan bashi, rarar ta fita daga hannunka ko da tana cikin ɗakinka. Mu da ke aikin rediyo mun san ciwon nan. Faifan da aka naɗi muryar wani dattijo shekaru da yawa da suka wuce, in ba a rubuta suna da kwanan wata a jikinsa ba, yana nan a ɗakin ajiya, amma ranar da ake nemansa daidai yake da wanda gobara ta cinye.

Shi ya sa nake ganin tsara kaya ya wuce aikin hannu. Hisabi ne mutum ke yi wa kansa. Kafin ka jera, dole ka zazzage komai a fili, kuma ranar ce kake ganin gaskiyar abin da ka yi da kuɗinka. Ga guda bakwai iri ɗaya. Ga wanda bai taɓa fita daga kwalinsa ba. Ga wanda ka saya don ka ga wani ya saya. Bayan haka dole ka zaɓi ƙa'idar jerawa, ita kuma ƙa'idar nan takan tona asirin mai ita. Wanda ya jera gwargwadon zurfin da kowanne ke nutsewa, ko gwargwadon irin ruwan da za a shiga, hankalinsa na kan kifi. Wanda ya jera bisa launi don kanta ta yi kyau, hankalinsa na kan idon baƙo. Wanda ya jera bisa kamfani da shekara, tarihi yake bi. Wanda ya jera bisa tsada, ɗan kasuwa ne ko da bai buɗe shago ba. Ban ce ɗaya daga cikinsu ya yi laifi ba. Abin da na ce shi ne, ba za ka iya jera kaya ba sai ka amsa wa kanka me kake so da su, kuma mutane da yawa suna guje wa jerawa ne don suna guje wa wannan amsa.

Yanzu bari mu ji ta bakin masu ja, don suna da hujjoji, kuma ba na banza ba. Na farko zai ce: kuɗina ne, da guminna na samu, ban ci na kowa ba. In na ga dama in cika ɗaki da kifayen ƙarya su yi tsatsa, ina ruwan wani? Ta fuskar shari'ar kotu ya yi gaskiya, kuma ba na goyon bayan a riƙa leƙa ɗakunan mutane ana ƙirga musu kaya. Amma halaccin hanyar samu rabin magana ne. Malamai sun sha tunatar da mu cewa tambayar dukiya biyu ce, ta ina ta shigo da kuma ina ta tafi. Abin da ya lalace a lungu ba tare da ya amfani kowa ba, an tozarta shi, ko da mai tozartawar shi ne mai shi. Ka tuna kuma cewa kafin abin nan ya iso hannunka wani ya haƙo ƙarfensa, wani ya zauna ya yi masa fenti, wani ya gwada shi a ruwa. Kamfanin Rapala ya daɗe yana alfahari da cewa ana gwada kifayensa a kwandon ruwa ɗaya bayan ɗaya kafin su fita kasuwa. Barin irin wannan aiki ya ruɓe saboda sakaci raini ne ga hannuwan da suka yi shi. Ikon da kake da shi a kan abu bai sauke maka nauyinsa ba.

Na biyu zai ce: to masu tara na tarihi fa? Su ai ba sa jefa nasu a ruwa ko sau ɗaya. A ma'auninka sun fi kowa ɓarna ke nan? Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi. A Amurka akwai ƙungiyar masu tara tsofaffin kifayen ƙarya tun 1976. A 2003 an yi gwanjon wani da aka ƙera da tagulla, mai tsawon kusan santimita 25, aikin Riley Haskell na garin Painesville a jihar Ohayo, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1859. An saye shi dalar Amurka 101,200. Babu mai hankalin da zai ɗaura wannan a zare ya wurga wa kifi. Shin ya zama banza ke nan? A'a. Amfanin abu yakan sauya da shekaru. Jiya kayan aiki ne, yau shaida ce ta yadda mutanen wani zamani suka yi tunani da yadda suka sarrafa ƙarfe. Wanda ya adana shi ya yi wa na baya hidima.

Sai dai a lura da abin da mai tarawa na gaskiya ke yi. Yana kare kayansa daga hasken rana don kada fenti ya koɗe. Yana kare su daga zafi da sanyi masu saurin sauyawa, don itace na kumbura yana motsewa har fenti ya tsattsage. Ba ya sake musu fenti, don ya san sabon fenti yana kashe darajar tsohon abu. Yana adana har kwalin da suka zo a ciki, wanda wani lokaci kuɗinsa kan yi kafaɗa da na abin da ke ciki. Yana da littafi ko kwamfuta inda ya rubuta wane ne ya ƙera, yaushe, daga hannun wa ya samu. Ka ga wannan mutum bai karya ƙa'idarmu ba, shi ne ma ya fi kowa cika ta. Yana da dubu, kuma ya san dubun. Wanda ƙa'idar ta kama shi ne mai kiran kansa mai tara tarihi alhali kayansa na cikin buhu a bayan ƙofa. Bambancin gidan tarihi da juji ba ya cikin tsufan kayan, yana cikin rajista da kulawa.

Na uku zai ce: tanadi nake yi. Ruwa ba shi da tabbas. Ranar da kifi ya ƙi komai sai launi kaza, wanda ya tanada shi ne zai koma gida da abin miya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka ne, kuma ba na musun tanadi. Amma tanadi yana da alama. Mai tanadi yana iya gaya maka ranar da yake tanadi dominta: wannan na lokacin da ruwa ya yi laka ne, wancan na lokacin sanyi ne da kifi ke sauka ƙasa. Wanda ba ya iya faɗin ranar, sai dai ya ce ko da wata rana, ba tanadi ke jan sa ba, tsoro ne. Shi kuwa tsoro ba ya ƙoshi. In ka ba shi ɗari zai tuna maka da na ɗari da ɗaya da ba ka da shi. Ga kuma wani abin da masu fatsa suka sani sarai: komai yawan abin da ke gida, sanda ɗaya ce a hannunka, zare ɗaya ne a ruwa. Wanda ya je bakin tafki da akwati biyar yakan ɓata rabin yininsa yana kwancewa yana ɗaurawa, yana zargin launi, alhali matsalar tana wajen inda ya tsaya ko yadda yake jan zare. Yawan zaɓi yakan ba mutum wurin ɓuya daga koyon sana'a. Wanda ke da biyar kacal ba shi da wanda zai ɗora wa laifi, dole ya koyi ruwa.

Kada a ɗauka ina cewa yawa shi ne aibi, kaɗan kuma shi ne tsarki. Masuntanmu sun isa su ƙaryata wannan. Je ka gaɓar kogin Isa wajen Gaya, ko bakin tafkin Chadi, ka dubi mai mamari. Igiya ce doguwa ɗauke da ƙugiyoyi ɗaruruwa. In lissafin ƙugiya ake yi, ya fi Ba'amurke da yawa tara kaya. Amma in ya ɗago ta daga ruwa ba ya dunƙule ta ya jefar. Zama yake yi ya bi ta ƙugiya bayan ƙugiya, ya miƙe wadda ta lanƙwashe, ya maye wadda ta tsinke, ya jera su bi da bi yadda gobe za su sauka ruwa ba tare da sun kama juna ba. Haka mai taru ke zama a inuwa yana ɗinke inda ya yage. Ba wanda ya koya musu wannan a littafi. Sun san in suka kwana da igiya a sarƙe, gobe yara za su kwana da yunwa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. A wajensu kowace ƙugiya tana da aiki, kuma kowace tana samun rabonta na kulawa. Wannan ita ce mallakar hannu, kuma talauci ko wadata ba su ne ke kawo ta ba. Akwai talaka mai sakaci, akwai attajiri mai adana.

Amma akwai wani rami a gaba, wanda masu son tsari ke faɗawa, kuma adalci ne a ambace shi. Tsarin kansa yana iya zama wani sabon kifin ƙarya. Mutum ya sayi akwatuna don kayansa, ya sayi kanta don akwatunan, ya sayi na'urar buga suna don kantar, ya ware ɗaki guda, ya sa fitilu. Ranar hutu ta zo, maimakon ya tafi ruwa sai ya zauna yana sauya wa kaya gurbi. Komai tsaf, komai a bushe, ba tsatsa ko ɗigo, domin ba abin da ya taɓa jiƙewa. Wannan ya biya bashin kulawa, amma ya biya da ranakun da ya kamata ya yi fatsa da su. Ya fara ne da neman kifi, ya ƙare yana gadin akwati. A labarin Ƙaruna da ya zo a Suratul Ƙasas, abin da aka siffanta nauyinsa ba taskokin ba ne, mabuɗansu ne. Wato kayan tsare dukiyar kaɗai sun zama kaya. Duk wanda ya ga hidimar ajiya ta fara cinye abin da aka yi ajiyar dominsa, to maganinsa ba ƙarin akwati ba ne. Ragi ya kamace shi.

Ragi kuwa shi ne wurin da mutane suka fi jin zafi, don a nan ne ake gane wa ke riƙe da wa. Ɗauki abin da ka shekara uku ba ka taɓa ba ka ce za ka bayar, ka ji yadda zuciya za ta fara kawo dalilai. Alhali ga yaro can a unguwa da ke sha'awar fatsa ba shi da ko ɗaya, ga abokin da nasa ya maƙale a itacen ƙarƙashin ruwa ya tsinke. Abin da ke barci a akwatinka zai iya zama farkon sana'ar wani. Rowa ba ta tsaya ga hana abin da kake buƙata ba. Mafi muninta shi ne hana abin da kai ma ba ka amfana da shi, ka gwammace tsatsa ta ci da ɗan'uwanka ya mora.

Sannan akwai ranar da ba makawa. Kowane tari na kaya yana da magaji, ko mai shi ya shirya ko bai shirya ba. Ka yi tunanin iyalin da aka bar wa ɗaki cike da akwatuna, ba rubutu, ba bayani. Ba su san wanne ne na ɗari biyar ba, wanne ne na miliyan. Ko dai su sayar da komai a kuɗin banza ga wanda ya fi su wayo, ko su bar shi yana cin wuri suna jin nauyin zubarwa. Mamacin ya bar musu aiki a lokacin da suke cikin makoki. Wanda ya jera, ya rubuta, ya rage tun yana da rai, ya yi wa magadansa alheri irin wanda ba a cika ambata a wajen ta'aziyya ba. Tsari a nan ya zama wani nau'i na tausayi.

Na tabbata mafi yawan masu karanta wannan ba su da kifin ƙarya ko ɗaya, kuma ba su da niyyar saye. Amma kowa na da nasa akwatin. Wani littattafai ne da ya saya bai buɗe ba, gara na ci ta ƙasa. Wata atamfofi ne a adaka, wasu ma ta manta launinsu. Wani kayan gyaran babur ne a buhu, in yana neman ƙusa ɗaya sai ya zazzage duka. Wani kuma hotuna ne da muryoyi dubbai a waya, ranar da yake neman hoton mahaifiyarsa ya yi ta shafa gilashi bai samu ba. Tambayoyin da za a yi wa kowane tari iri ɗaya ne. Na san abin da ke ciki? In an tashe ni da dare zan iya ɗauko abin da ake nema? Ina ba shi kulawar da ke hana shi lalacewa? Zan iya faɗin ranar da nake ajiye shi dominta? Abin da ya tsallake waɗannan tambayoyi naka ne, ka riƙe shi da kyau, ko guda dubu ne. Abin da ya faɗi kuwa, amana ce da ta fi ƙarfinka, ka nema mata wanda zai iya tun kafin tsatsa ta riga ka yanke hukunci.

Allah Ya ba mu abin da za mu iya riƙewa, Ya kuma ba mu zuciyar sakin abin da ya fi ƙarfin hannunmu.